Kiɗa a Hanyar Ɗakin Gawa

Da labari ya zo cewa Auta ya rasu a can ƙasar da yake aiki, Inna ba ta yi kuka a gabanmu ba. Ɗaki ta shiga, ta jawo akwatinta daga ƙarƙashin gado, ta fito da farin alawayyon da ta ajiye wa kanta shekara da shekaru, ta ɗora mini a cinya.

"Yayarsu," ta ce, haka take kirana, don ni ce 'yar fari ba ta kama sunana, "ke ce tela. Ki yanka masa. Ni in tawa ta zo ba za a rasa abin rufa ni ba, ina cikin dangi. Shi ne ba shi da kowa a can."

Inna ta karɓi mutuwar, ta ce wanda ya ba ta shi ne ya karɓi abinsa. Abin da ya hana ta cin abinci shi ne kada a tura mata ɗa cikin rami kamar wanda ba mace ce ta haife shi ba, babu wanka, babu sutura, babu mai tsayawa ya ce Allah ya jiƙansa. Shi ya sa aka ce ni da Kawu mu tafi. Kawu ƙaninta ne, kuma shi ke wankan gawa a unguwarmu. Ya wanke rabin tsofaffin layinmu da hannunsa, amma har yau bai iya zama wuri ɗaya bai tsokani wani ba. Shi zai yi wanka ya yi salla. Ni kuwa nawa in kai likkafani, in ga fuskar ƙanina, in dawo in faɗa wa Inna cewa na gani da idona.

Ban nemi awo ba da zan yanka. Tun yana yawo ba wando ni nake ɗinka wa Auta kaya, na san faɗin kafaɗarsa fiye da yadda na san nawa. Na dai ƙara masa ɗan tsawo, saboda mutum in ya kwanta yakan miƙe.

A garejin manyan motocin safa yake aiki, yana canza taya yana wanke injin. A nan ya yanke jiki ya faɗi, suka ce zuciya ce. Shugaban ma'aikatansu ne ya kira ni, da guntun Turancinsa da guntun nawa muka yi ta karo kamar makafi biyu a lungu. Abin da na iya tsinta shi ne gawa tana asibitin garin, kuma ba za su riƙe ta har abada ba, mu yi sauri. Na ce muna zuwa. Sai biza ta ce ba ta san zancen ba. Muka yi ta sintiri a ofis, yau a ce mu dawo gobe, gobe a ce mai sa hannu ya fita. Da ta fito, jirgi ma ya yi mana nasa, ya sauke mu a wata ƙasa ya manta da mu a kan benci. Ranar Asabar da hantsi muka taka garin, idona kamar an zuba barkono, ga wayata ta zama dutse tun da muka sauka, layin gida ba ya aiki a can.

Kawu ya rubuta sunan asibitin a tafin hannunsa da biro. Shi ya nuna wa mai tasi, mai tasi ya gyaɗa kai, muka shiga. Jakar likkafani tana kan cinyata, ban yarda an sa ta a but ba. Kawu kuma yana rungume da tasa ledar mai kafur da turare da safar hannu.

"Kin san Autan nan bai taɓa zuwa wuri a kan lokaci ba," in ji Kawu yana kallon waje. "Yau ga shi shi ne ke jiranmu."

Na san don in saki fuska yake yi, ni kuwa fuskar ba ta sakuwa.

Garin ba shi da wani abin a zo a gani. Shaguna ne da rumfunan ƙarfe, da benaye masu shanya a tagogi, da karnuka kwance a inuwa. Mun yi tafiya mai ɗan nisa, sai motoci suka fara tsayawa. Kafin in ga komai na fara jin sa a ƙirjina, dum, dum, dum, irin gangar da ke girgiza gilashin mota. Sannan ƙahonin ƙarfe suka shigo, irin na 'yan badujala, da wasu faya-fayan tagulla da ake haɗawa su yi ƙara. Mai tasi ya kashe mota. Ya juyo ya yi mana dogon bayani da harshensu, ya nuna titin da ke gabanmu, ya nuna ƙafafunmu, ya yi alamar mu miƙe mu sha kwana. Wato daga nan sai dai ƙafa.

"Ikon Allah," na ce. "Duk kwanakin duniya ba su tashi bikinsu ba sai yau?"

"Su ma ba su san da zuwanki ba, ai da sun ɗaga," in ji Kawu. "Sauko."

Ta wani ɗan lungu muka ɓullo, sai ga mu a gefen babban titi, shi kuwa ya cika maƙil. Farkon ayarin ya riga ya wuce, ƙarshensa kuma ba a hango shi. Dole sai mun tsallaka kafin mu kama hanyar asibiti, amma ko allura ka jefa ba za ta taɓa ƙasa ba. Makaɗa suna tafe a jere, kumatu sun kumbura, gumi yana bin wuyansu. Bayansu maza ne birjik, duk da riga iri ɗaya, shuɗiya mai ratsin ruwan ɗorawa a kafaɗa. Ido na tela ba ya hutawa ko a cikin makoki. Na ga ɗinkin kamfani ne, ba na hannu ba, na ce a raina ankon nasu ma ba su iya zaɓar yadi ba. Suna taku biyu gaba, su karkace, su yi ɗaya baya, kafaɗa na gugar kafaɗa. Mata suna kaɗa fararen hankici sama. Daga benaye ana watso furanni, masu shaguna sun fito bakin ƙofa sun tsaya, wasu sun cire hula.

Haushi ya turnuƙe ni. Ban taɓa jin na tsani mutanen da ban sani ba irin wannan ranar. Ƙanina yana kwance cikin sanyi shi kaɗai a bayan wancan titin, su kuwa suna karkaɗa jiki. Na sa kafaɗa zan kutsa, wani ƙato ya mayar da ni baya da tattausan hannu, yana nuna mini abin da ke tahowa.

Mota ce doguwa, fara, an wanke ta tana ƙyalli, tana tafiya kamar mai tausayin ƙasa. An lulluɓe ta da furanni tun daga goshi har baya, an ɗaura mata fararen ƙyallaye a madubai, tagoginta kuma an saki labule.

"Ga amarya nan," in ji Kawu. "Ai dole. Bari ta wuce, Yayarsu. Ba a tsallaka gaban amarya, ko a garin da ba a san ka ba."

A bayan motar akwai mata da ke tafe suna rawa suna share hawaye. Wata ma kuka take yi sosai, an riƙe ta hagu da dama.

"Dangin amarya ke nan," Kawu ya ce. "Duk duniya ɗaya ce. A ci kaji a yi kukan rabuwa."

Ban san lokacin da haushin ya sake ni ba. Kiɗan ne ya canza. Gangar ta yi ƙasa, wani tsoho mai ƙaramin ƙaho ya ɗauka shi kaɗai, a hankali, yana jan sautin kamar mai kiran wanda ya yi nisa. Tun da aka yi rasuwar ban zauna na tuna Auta da rai ba, kullum ina kan takarda da layi da lissafin hanya. A bakin titin nan ya faɗo mini. Na tuna yadda nake damun sa da zancen aure duk sanda ya kira, shi kuwa ya ce, "Yaya, ki bari in tara na akwati tukuna, kin san ke za ki ɗinka lefen, kuma ba ragi za ki yi mini ba." Na riga na zaɓi yadin ankon bikinsa a raina tun bara, ban faɗa wa kowa ba. Na dubi motar nan mai furanni na ji hassada, wallahi hassada ce tsagwaronta. Wata uwar tana kai tata ɗakin miji, tawa uwar ta ba da likkafaninta.

Kawu ya taɓa ni da gwiwar hannu. "Kar ki yi musu baƙin ciki. Ranarsu ce."

Ya laluba aljihu ya ciro 'yar takardar kuɗin da mai tasi ya ba mu canji, ya matsa ya manna wa tsohon mai ƙaho a goshi, yadda ake yi wa makaɗi a gida. Takardar ta manne da gumi. Tsohon ya zaro ido bai daina busa ba, na kusa da shi suka dubi Kawu, suka dubi juna. Kawu ya ɗaga musu hannu yana murmushi, shi a dole ya yi abin arziki.

A nan ne wata tsohuwa ta fito daga cikin matan da ke bin motar, ta sha gabanta. Gajera ce, mai kauri, da baƙin siket da takalmin da ya sha hanya. Ta zo wucewa ta gabana sai ta tsaya cak. Ta ƙura mini ido. Ta matso har ina jin numfashinta, ta ɗago hannu ta shafa kumatuna, ta bi girata da yatsa. Ta faɗi wata magana, ta sake faɗa. Sannan ta kama hannuna ta fara ja na wajen motar.

"Uwar amarya ta yaba da ke," in ji Kawu. "Ko ƙawar amarya suka rasa?"

Na ƙanƙame jakata da ɗaya hannun. Na yi mata murmushin da na iya, na girgiza kai, na nuna agogon hannuna, na nuna mata can gaba inda za mu. Ba ta saki ba. Sai da na zare yatsuna ɗaya bayan ɗaya daga cikin nata. Don kada ta ga kamar na wulaƙanta ta, na juya wajen motar na ɗaga murya na yi addu'ar da ta dace.

"Allah ya sanya alheri! Allah ya ba da zaman lafiya, ya kawo ƙazantar ɗaki!"

Kawu ya ce amin. Tsohuwar ta tsaya tana kallona, baki buɗe, har na bayanta suka turo ta gaba. Tana tafiya tana waiwaye. Motar ta wuce ta gabana, kusa ƙwarai, har wani fure ya goge ni a hannu. Da bayanta ya ba da 'yar kafa, Kawu ya ja ni muka tsallaka da gudu-gudu, muka bar musu kiɗansu.

Asibitin yana kan tudu. Muka sha tambaya kafin a gane abin da muke nema, daga ƙarshe wata ma'aikaciya ta raka mu ta bayan ginin, ta wajen da ake tara kwandunan shara, ta nuna mana wata ƙofar ƙarfe. Ciki sanyi ne da warin magani. Akwai tebur, da fanka da ba ta aiki, da wani mutum mai farar riga yana cin burodi a kan takarda. Na faɗi sunan Auta na gaskiya, na nuna masa hotonsa a wayata. Ya ajiye burodin. Ya dubi hoton, ya dube ni, ya miƙe tsaye.

Ya shiga ciki muka bi shi. Ya jawo wata doguwar durowa daga bango. Babu komai a ciki sai ƙarfe da aka goge.

Na ce da Turanci, ina yake? Ya amsa da harshensu. Na sake tambaya, na ɗaga murya, kamar ƙara ce za ta sa ya ji. Kawu ya ajiye ledarsa ya yi masa alamar mutum kwance, ya buɗe hannuwa, ina? Mutumin ya dube mu yana neman yadda zai yi da mu. Sai ya dunƙule hannayensa biyu a gaban bakinsa, ya kumbura kumatu, ya motsa yatsu. Pa, pa, paa. Ya sauke, ya buga iska da hannu kamar mai ganga. Sannan ya nuna ta taga, can gangaren da muka hauro.

Na ji Kawu ya ce, "Innalillahi wa inna ilaihi raji'un," a hankali, kamar ba da bakinsa ba.

Ni ban gane nan take ba, ko kuma na ƙi ganewa. Na ce, "Kawu, me yake cewa? Bikin ne ya hana a kawo shi? Wani asibitin suka kai shi?"

"Yayarsu," ya ce, "ba amarya ba ce."

Na zauna a ƙasan ɗakin gawar nan, a kan tayil mai sanyi, jaka a ƙirji. Wa ya taɓa jin an kai mamaci da ganga? A wurinmu ko rediyo aka kunna a layin da aka yi rasuwa sai an aiko yaro ya ce a kashe. Mutum ya ga furanni, ya ga anko, ya ga mota da labule, me zai ce? An ce baƙo makaho ne ko da idonsa, to ni da idona biyu na tsaya ƙanina ya wuce ni, tsakanina da shi bai fi kamu ɗaya ba, ina yi masa addu'ar haihuwa.

Mai farar rigar mutumin kirki ne. Ya kulle ɗakinsa, ya fita da mu, ya tsayar da wata motar ɗaukar kaya ya yi wa direban magana. Muka hau gaba muka matsu. Titin da ɗazu ba a iya ratsawa yanzu fayau yake, sai furannin da aka tattake da wata mata tana share ƙofar shagonta. Duk hanyar Kawu yana ta goge sunan asibitin daga tafin hannunsa da babban yatsa, har wurin ya yi ja.

Maƙabartar tana bayan gari, an kewaye ta da katanga. Tun daga nesa na ga mutane suna fitowa, kuma babu kiɗa. Makaɗa suna zaune a gindin katanga suna zazzage yawu daga ƙahoninsu, suna mayar da su cikin akwatuna. Na tsaya a bakin ƙofa, don ban taɓa shiga maƙabarta ba, mata ba sa shiga. Kawu ya yi gaba, ya waiwayo.

"Shigo," ya ce. "Wa za ki bar wa?"

Sun riga sun rufe. Ƙasa ce ja, sabuwa, an tara ta an jera furanni a kai, ga shebur biyu a jingine. A wajen kai an kafa hotonsa cikin gilashi, babba, yana dariya, sanye da shuɗiyar riga mai ratsin ruwan ɗorawa a kafaɗa. Rigar aikinsu ce. Da mun ɓullo daga lungun nan da wuri kaɗan, da mun ga hoton a gaban ayari.

Tsohuwar ce ta fara ganina. Ta saki wata ƙara, ta taho ta rungume ni, tana dukan bayana da tafin hannu tana magana, tana nuna fuskata tana nuna hoton. Ni da Auta kamarmu ɗaya, kowa ya sani, girar Inna muka ɗauko. Wani dogon mutum mai furfura ya matso, da ya buɗe baki na gane muryar da ta kira ni a waya. Ya cire hularsa ya riƙe a ƙirji. Da guntun Turancin nan nasa ya yi mini bayani, ina tsintar ɗaya ina zubar da biyu. Asibiti sun ce yau ce rana ta ƙarshe, in ba wanda ya zo hukuma za ta binne shi tare da waɗanda ba a san danginsu ba. Sun yi ta kiran wayata tun jiya ba ta shiga. Suka ce ba za a yi haka da su ba. Direbobi da makanikai da masu wanki suka haɗu suka sayi wuri, suka sayi akwati, suka ɗauko makaɗa, aka rufe garejin yau dungurungum. Tsohuwar kuma a gidanta yake haya, ita ke ajiye masa abinci in ya yi dare.

"Mutum mai kyau," yake ta maimaitawa. "Ɗan'uwanmu. Mun yi masa babba. Babba sosai."

Yana faɗa yana kallona, yana jira in ce sun kyauta. Kuma sun kyauta, wannan ne abin da ya fi ci mini rai. Da wulaƙanta shi suka yi da na san inda zan kai fushina. Na so in kama rigarsa in ce wa ya aike ku, wa ya ce ku sa shi a akwati, wa ya yi masa wanka, ina kuka juya fuskarsa? Na dubi idanunsa sun yi jawur, na dubi hannayensa duk baƙin mai a ƙarƙashin farce, na ce, "Mun gode." Da ƙyar ta fito.

Tsohuwar ta ciro waya daga jakarta ta nuna mini hoton da suka ɗauka kafin a rufe akwatin. A nan na ga fuskar ƙanina. An taje masa kai, an sa masa baƙar kwat da laktaye, an haɗa hannayensa a kan ƙirji. Ta nuna kanta, ta yi alamar shafa fuska da taje gashi, wato ita ta gyara shi. Hannun kwat ɗin ya yi masa tsawo, ya rufe har rabin yatsunsa. Ta wani ce aka ba shi. Na daɗe ina kallon hannun rigar nan, na kasa komawa kan fuskar.

Na ja Kawu gefe. "A tone shi," na ce. "Kawu, ka ce musu a tone. Ga likkafani, ga ka, ga ruwa can a famfo. Ƙasar ma ba ta bushe ba."

Ya dubi kabarin, ya dubi mutanen da suka tsaya cirko-cirko suna kallonmu, ya ɗaga kai ya dubi rana.

"Da wane bakin zan faɗa musu?" ya ce. "Kuma hukumar garin ba za ta bari ba, sai mu ƙare a ofis shi yana kwance a waje. Ya shiga ɗakinsa, Yayarsu. Ba zan fito da shi in sake wahalar da shi ba. Abin da ya rage mana salla ce, ita kuwa ana yin ta ko a kan kabari."

Ya je famfo ya yi alwala. Ya dawo ya ajiye ledar kafur ɗinsa a ƙasa, ya auna gabas da inuwarsa, ya tsaya. Mutumin da ya saba juyowa ya ce a daidaita sahu, yau da ya juyo ni kaɗai ya gani. Na tsaya a bayansa. Da ya ɗaga hannu ya yi kabbara, muryarsa ta karye a tsakiya, sai da ya sake. Ina jin motsi a bayana, ashe masu shuɗiyar riga ne suke matsowa, suka tsaya kawai, hula a hannu, ba su san abin da ake yi ba. Salla ce gajera, babu ruku'u babu sujada. Kafin su gama gyara tsayuwa Kawu ya sallame.

Tsohuwar ba ta bari mun nemi masauki ba, gidanta ta kai mu da la'asar. Ta buɗe mana ɗakin Auta. Katifa ce a ƙasa, da 'yar hita, da takalman aiki a bayan ƙofa, da dardumar salla a ninke a kan kujera. Kawu ya ga dardumar ya juya ya fita tsakar gida. Na zauna a bakin katifar. Can sai shugaban ma'aikatan ya leƙo ya miƙo mini wayarsa, ya yi alamar in kira gida.

Bugu ɗaya aka ɗauka. Na san tun safe wayar tana hannunta.

"Yayarsu? Kun isa?"

"Mun isa, Inna."

"An yi?"

"An yi. Ɗazu aka kai shi."

Na ji ta sauke numfashi, ta yi salati. Bayanta ina jin muryoyin matan da suka zo zaman makoki, ana cewa a yi shiru.

"Kawunku ya yi masa salla?"

"Ya yi."

"To ya samu mutane kuwa? Ko ku biyu ne kawai?"

"Ya samu mutane, Inna. Har hanya sai da ta rufe, mota ba ta wucewa. Masu shaguna duk sun fito. An rufe wurin aikinsu saboda shi."

"Ke kika gani, ko faɗa miki aka yi?"

"Ni na gani. Ina tsaye suka wuce."

"Alhamdu lillahi," ta ce. Na ji ta juya tana faɗa wa matan, "Ya samu jama'a. An ce har hanya ta rufe." Suka ɗauka da Allahu akbar, wata tana cewa ai Auta mutumin mutane ne, duk inda ya je sai ya yi dangi. Muryar Inna da ta dawo ta yi sauƙi, irin sauƙin da ban ji ba tun ranar da labarin ya zo.

"Likkafanin fa? Bai yi masa gajarta ba ko? Na ga kamar ya ƙara jiki a hoton nan na ƙarshe."

Yana kan cinyata, cikin jaka, a ninke yadda na ninke shi a gida. Na buɗe baki in amsa, sai kukan da ban yi ba a gida, ban yi ba a jirgi, ban yi ba a bakin kabari, ya taho gaba ɗaya. Na toshe bakina da mayafi, bai tsaya ba.

"Haba, Yayarsu," Inna take cewa a kunnena. "Yi haƙuri mana. Ke da Allah ya ba ki ikon suturta ɗan'uwanki da hannunki? Ai kin gama masa komai. Yi shiru, Allah ya yi miki albarka."